Shekarar da Aka Rufe Rijiyar Inna

Ranar da na fita takaba, bayan jama'a sun ragu, ina daga ɗaki na ji Nasiru, jikan Baba Alhaji, yana raha da autanku a tsakar gida. Ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, amma fa shi ya kashe musu rijiyar kakarsu da madubinsa na boko. Aka yi dariya, auta bai yi ba. Da yamma ya shigo ya zauna a bakin gadona ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ya bari sai na natsu. Yanzu na ɗan natsu. Ni ba mai dogon karatu ba ce, firamare na gama aka yi mini aure, don haka zan rubuta muku yadda na iya, abin da na gani na ce na gani, wanda aka gaya mini na ce gaya mini aka yi. Yayarku Ummi ce kaɗai aka haifa a lokacin, ita ma rabin maganar ta sani.

A shekarun tamanin muna zaune ne a Unguwar Shanu, a gidan Baba Alhaji, yayan mahaifin babanku, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Fataucin fatu yake yi, mutum ne mai raha da mai tsare gida a lokaci guda. A ƙofar gidan, daga wajen katanga, akwai rijiyar da ya haƙa sadaka ga mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Ban riske ta ba. Da gangan ya haƙa rijiyar a waje, don duk wanda ya sha ko ya yi alwala ladan ya isa gare ta a kabarinta. Famfon unguwar ba shi da tabbas, in ya ɗauke sai layin duka ya dawo kan rijiyar, har da 'yan ga-ruwa. Kullum bayan asuba Baba Alhaji kan shimfiɗa buzunsa a bakin zaure, ya zauna da carbi har hantsi yana sauraron guga na faɗawa ruwa. In ƙarar ta yi yawa sai ka ga fuskarsa ta saki, ya ce yau Inna ta yi baƙi. Da aka haifi yayarku sunan Innar aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi, shi kuwa Innata yake kiranta. Babanku kuma, tun yana yaro har ya zama malamin makaranta mai iyali, a kwano ɗaya suke cin tuwo da Baba Alhaji a zaure. Ku riƙe waɗannan a ranku.

A shekarar da abin ya faru aka aiko wa makarantar da babanku ke koyarwa, wata ƙaramar sakandare ta wajen Kawo, manyan akwatunan katako cike da kayan koyarwa. Yawancinsu injuna ne masu buƙatar wutar lantarki da ɗaki nasu, makarantar kuwa ba ta da ko ɗaya. Aka jibge su a sito har gara ta fara cin katakon. Amma a cikinsu akwai madubin nan da ke ƙara girman abu, irin wanda ake gani a ɗakin gwaji na asibiti, shi ba ya son wuta, wani ɗan madubi ne a ƙasansa ake juyawa ya ɗebo hasken rana. Shugaban makarantar yana tsoron yara su fasa, ya fi son ya zauna a kulle. Babanku ya yi ta binsa har ya yarda ya ba shi guda, da sharaɗin in ya lalace a wuyansa yake. Da yake rufin siton yana yoyo, duk Juma'a sai ya naɗe akwatin da tsohon zanena, ya ɗaure a bayan keke ya taho da shi gida.

Ranar farko ina yanka albasa ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in ba shi ɓawon nan na ciki mai shara-shara. Ya shimfiɗa shi a kan wani ɗan gilashi, ya ɗiga ruwa, ya yi ta murɗa wani abu a gefen madubin, sannan ya ce in zo in leƙa. Na goge hannu na leƙa.

"Me kika gani?"

"Gashi na gani, manya-manya, suna motsi."

"In kin ƙifta ido me suke yi?"

Na ƙifta, suka rufe suka buɗe. Ashe gashin idona ne. Na ji kunya na ce zan koma kan miyata, ya ce in ƙara matso da idon. Da na matso sai ga wata katanga, tubali a jere kamar ginin da ba a yi wa yaɓe ba, kowane tubali da ɗan ɗigo a cikinsa. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce ni me nake ganin shi ne. Raina ya ɓaci, na ce in ba zai faɗa ba ya bar abinsa. Haka halinsa yake, kun san shi, ba ya ba da amsa, sai ya mayar maka da tambaya, har matan gidan suna ce masa Malam Me-ka-gani. Amma washegari da ya fita, na sami kaina ina ɓare fatar tumatir, ina son in ga ko shi ma tubalin ne. Daga nan na kasa dainawa. Na sa gishiri na ga 'yan akwatuna masu kusurwa, na sa sukari na ga ba irinsu ɗaya ba. Zaren atamfata ya zama igiyoyi, fiffiken ƙuda ya zama taga mai jijiyoyi. Shekara da shekaru ina yanka albasa ina hawaye, ban taɓa sanin gini nake rushewa ba. Nakan ce Subhanallahi in ɗago kai in dubi tsakar gidan, sai in ga kamar kowane abu yana ɓoye mini wani abu.

A makaranta kuwa abin bai zo masa da sauƙi ba, yana dawowa yana ba ni labari. Madubi ɗaya ne, aji cike da yara, kafin rabinsu su leƙa an buga ƙararrawa. Na bayan layi su yi ta hayaniya. In damina ce gajimare ya rufe rana, sai cikin madubin ya yi duhu a tsaya jira. Wasu su ga kumfar ruwa su zana ta a matsayin halitta, har su raɗa mata suna. Wani yaro ya kama madubin ya leƙa da idon da ya rufe, ya kuma rantse ya ga abin da abokinsa ya gani. Abokin aikinsa na ɗaya ajin shifta kawai yake yi, ya rubuta a allo yara su kwafa, ya gama manhaja da wuri, littattafan yaransa cike. Na babanku zane-zane ne da 'yan layuka. Wani uba ya je har makarantar ya ce ya sa ɗansa boko ne don ya yi karatu, ba don ya ƙare zango yana kallon albasa ba. Jarrabawa kuma sunayen abubuwa take tambaya, ba ta tambayar me ka gani. A zangon farko ajinsa bai fi ɗayan ba, ya ma ɗan gaza. Dole ya raba mako, wasu ranaku shifta, wasu ranaku madubi. Na taɓa ce masa me zai hana ya faɗa musu tukuna, sannan ya nuna musu.

"In na faɗa musu, abin da na faɗa za su gani," in ji shi. "Ni kuma so nake in ji abin da su suka gani."

Na gane abin da yake nufi, don ni kaina abin da na gano da hannuna har yau yana kaina, karatun da na haddace a firamare kuwa ya zube. Duk da haka ina ganin akwai lokacin da ya kamata babba ya buɗe baki ya faɗa, kuma za ku ga dalilina.

Ran Asabar da hantsi yaran layinmu kan taru a gindin darbejiyar tsakar gidan, kowa da abin da ya tsinto, ganye, gashin akuya, ƙafar kiyashi. Yayarku tana 'yar shekara goma ko kusa, ita ce shugabar layi, ita ke juya ɗan madubin ƙasa ta kamo rana. Baba Alhaji kan leƙo ya ce Ticha ya buɗe kasuwa, haka yake kiran babanku in yana cikin raha. An yi masa tayin ya leƙa, ya ce a'a, abin da Allah ya ɓoye wa idonsa bai ga dalilin bin sa ba. Ummi ta ce tsoro yake ji, ya ce ai ɗa ba ya musu da uwarsa.

Farkon damina ne, wata Asabar, yaran sun ƙare abin da suka kawo, sai yayarku ta je wurin wankina, ta tsoma tsinke a gindin bokitin ruwan rijiya da ya kwana, ta ɗiga a gilashi. Ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ita da bakinta ba ya shiru.

"Baba," ta ce, "wannan tafiya yake yi."

Na bar wankin na zo na leƙa. Wani abu ne kamar ƙwayar shinkafa mai gashi a jiki, yana juyi yana wucewa, ya buge da wani datti ya ja da baya ya sake hanya, kamar mai hankali. Can gefe akwai wani kamar ɗan tulu a kan zare, yana miƙewa yana naɗewa. Da safen nan na sha ruwan, amma na kasa ɗauke idona. Ina ta tambayar kaina ko yana da ido, ko ya san da mu, ko yana da uwa. Yaran suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Babanku ya yi yadda ya saba. Ya tambaye su daga ina ruwan yake, ko duk ruwa haka yake, ta yaya za a gane. Suka tsayar da cewa Asabar mai zuwa wani zai kawo na famfo, wani na sama, wani dafaffe, a gwada. Ya ce kada kowa ya faɗi komai sai an gama.

Yaro ba ya riƙe irin wannan a ciki har mako guda. Kafin azahar layin ya ji cewa akwai tsutsa a rijiyar Alhaji. Washegari tsutsar ta zama ƙananan macizai. Yara suka ƙi shan ruwan, uwayensu suka daina aiken su, 'yan ga-ruwa suka riƙa wucewa da kurarsu zuwa wata rijiya mai nisa. Babanku ya san cewa ba duk abin da ke motsi a ruwa ne ke kawo ciwo ba. Da ya faɗa musu haka a ranar, wataƙila maganar ba ta yi wannan gudun ba. Ya so su gano da kansu, su kuwa sun gano rabi sun ruga da shi. Daga baya shi da kansa ya ce mini nan ne ya makara.

Baba Alhaji ya ci gaba da shimfiɗa buzunsa bayan asuba. Guga ba ya faɗawa. Ina jin shirun daga cikin gida, ban taɓa sanin ƙarar guga ta shiga jikina haka ba sai da ta ɗauke. Bayan 'yan kwanaki, na kai tuwo zaure bayan magariba, na durƙusa na ajiye, ban kai ga barin bayan ƙofa ba na ji ya kira babanku da sunansa na yanka, wanda ba zan rubuta ba. Ba Ticha ya ce ba.

"Kai ne malaminsu. Gobe ka tara su ka ce musu babu komai, ƙurar gilashi ce."

"Baba, ban ce musu akwai ba, su suka gani. In na ce babu, ba ruwan za su koma sha ba, ni za su daina yarda da ni."

"To uwata fa? Kwana da kwanaki ba wanda ya sha mata ko kurɓi ɗaya."

Na ji Baba Alhaji ya tura kwano a kan tabarma, ya ce:

"Ɗebi naka ka shiga ciki."

Daga ranar kwano biyu nake zubawa. Baba Alhaji bai ce mu bar gidan ba, yana amsa gaisuwa, amma iyakarta ke nan. Babanku ya sallami yaran Asabar, ya daina buɗe akwatin a gida. Tuwon da nake ajiye masa a ɗaki sai ya taɓa ya bari. Mutumin da ya rasa uba yana ƙarami, wannan kwanon ne ubansa. Ya fara maganar mayar da madubin sito, da neman ɗaki a Hayin Banki.

Ni suruka ce, ba na haɗa ido da Baba Alhaji, balle in yi masa magana a kan rijiyar uwarsa. Amma a gidan akwai mutum ɗaya da ke iya ce masa komai. Wata Asabar da safe babanku ya tafi ta'aziyya Unguwar Sarki. Na dama koko, na ba yayarku ta kai zaure, da ta dawo na ɗauko akwatin na ɗora mata a hannu na ce ta kai wa ɗanta ya gani. Ban shawarci babanku ba. Na san in tsohon ya fusata ya yi jifa da shi, a wuyan babanku yake, aikinsa ma yana iya taɓuwa. Na bi ta na tsaya a bayan ƙofa.

"Innata," na ji ya ce, "ke ma kin daina shan ruwanki?"

"Ba ka ce rijiyata ce ba? To tashi ka duba mini ita."

"Gilashinku ne mai datti."

"To wanke shi da kanka, tsoho mai gardama."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda aka kwana biyu ba a ji ba. Ya ɗauki butarsa ya wanke ɗan gilashin, ya goge da bakin rigarsa. Ya fita ya zura guga da kansa, abin da ya shekara bai yi ba, ya ɗebo ruwa a bokiti. Yayarku ta ɗiga, ta kamo masa rana. Ya sunkuya ya leƙa, ya ce gashi yake gani. Ta ce in ya ƙifta ido me gashin yake yi. Na toshe bakina da mayafi. Da ya daidaita idonsa sai bai ga komai ba, haske kawai. Aka sake ɗigawa, babu. Ya miƙe ya ce alhamdulillahi, a je a gaya wa Ticha. Ni a bayan ƙofa na fara tunanin ko dai bokitina ne. Sai yayarku ta ce nata ruwan kwana ya yi, kuma daga gindi ta ɗiba. Ya ce to shi ma nasa zai kwana. Ya rufe bokitin da faifai, ya kai turakarsa ya sa kwaɗo, don kada wani ya zuba masa wani abu.

Da babanku ya dawo na gaya masa abin da na yi. Bai yi faɗa ba, ya ce to sai goben.

Washegari da hantsi Baba Alhaji ya aiko a kawo akwatin. Babanku ya kai, ya koma gefe ya tsaya. Tsohon ya tsiyaye ruwan sama da kansa, ya tsoma tsinke a gindin bokitin. Ya leƙa. Carbinsa yana hannunsa, na ga yatsunsa sun tsaya. Ya daɗe ƙwarai. Da ya ɗago bai dubi kowa ba, ya ce na famfo fa. Aka kawo wanda ya kwana a randata, an sha wuya kafin a ga ko ɗaya. Ya ce dafaffe fa. Na dafa na rijiyar na huce shi, babu abin da ya motsa. Ya sake komawa kan na farkon ya ƙara leƙawa, har da murɗa abin gefen da kansa. Gwajin da yaran suka shirya ba su samu yi ba, shi ya yi shi.

A makon ya kira masu yasar rijiya suka kwashe ruwan da taɓon, rijiyar ta kawo sabon ruwa garau. Aka bar ta ta huta, aka kwanar da bokiti, abubuwan nan suna nan. A nan ne ya ɗauki sandarsa ya fara zagaya gidan shi kaɗai. Na gan shi ta kan katanga yana tsayawa, yana duban gangaren ƙasa, yana bin inda ruwan sama ke bi. A shekarar da ta gabata ya gina ɗakunan haya a bayan gidan, ya haƙa musu salga a kusurwar katanga. Ta cikin gida in ka zagaya kamar da nisa. Ta waje kuwa, in ka tsaya a kusurwar, salgar tana tudu, rijiyar tana gangare, tsakaninsu bai fi ka miƙa wa mutum abu ba in ya ɗan matso.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, babanku ne ya gaya mini. Tsohon ya kira shi kusurwar, ya nuna masa da sanda, ya tambaye shi ko wannan ne. Karon farko a sanina babanku bai mayar da tambaya ba. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, madubin yana nunawa ne, ba ya faɗin suna, kuma waɗanda suka fi kawo ciwo sun yi masa ƙanƙanta. Ya ce a kai ruwan asibiti a gwada. Baba Alhaji ya ce ba zai kai rijiyar uwarsa gaban baƙi su yi mata hukunci ba. Ya tuna gudawar da ta dami yaran layin a daminar bara, wadda kowa ya ɗora wa mangwaro.

"Da hannuna na haƙa wannan don ita," in ji shi, "da hannuna na haƙa waccan don kuɗin haya. Abin da na gani ya ishe ni."

Har yau ban sani ba ko salgar ce, ko abubuwan da muka gani masu cutarwa ne, ko bayin Allah ne da ke zaune a kowace rijiya. Ba wanda ya gwada. Na so a ce an gwada. Amma shi ya yanke. Ya sa aka cike salgar aka haƙa wata can nesa, ya kira magina suka zuba siminti a bakin rijiyar. Yana tsaye har suka gama. Ya sayo manyan randuna biyu ya girke a kan simintin, da moɗa ɗaure da igiya, ya ce a riƙa cika su da ruwan famfo, in ya ɗauke a dafa wani a huce. Ni na ɗauki wannan aikin muddin muna gidan. A yammacin da aka zuba simintin na kai kwano biyu kamar kullum, sai ya ce wa yayarku ta gaya wa uwarta ta daina ɓarnar kwanuka, ɗaya ya isa.

Bai yi wa unguwa bayani ba. Mutane suka ga madubi ya shigo, rijiya ta rufu, suka haɗa da kansu cewa ɗan boko ya matsa wa tsoho. Baba Alhaji ya ji, bai gyara ba. Ina ganin ya kasa ne. 'Ya'yansa suka yi fushi da babanku, a masallaci wasu suka rage masa fara'a, yara suna ce masa Malam Tsutsa a bayan idonsa, iyaye suka hana nasu dawowa taron Asabar. Na ce masa ya faɗi gaskiya mana, magana ɗaya ce. Ya ce tsoho ne, ya rasa rijiya, kada ya rasa mutuncinsa a layin da ya shekara yana shayarwa. Ya ce in bar maganar sai bayan ransu su biyu. Da zaman ya yi nauyi, bayan damina muka koma Hayin Banki, inda aka haifi sauranku. Duk Juma'a babanku kan hau keke ya je ya ci tuwo da Baba Alhaji a zaure, har Allah ya karɓi ran tsohon. Wani lokaci ya dawo da kwalba a aljihu, tsohon ya ɗebo ruwan wani gari da ya je fatauci, ya ce Ticha ya duba masa.

Madubin bai daɗe a hannunmu ba. Aka canza shugaban makarantar, sabon ya ce duk kayan su koma sito, babanku ya mayar. Ban sake leƙa irinsa ba. Mutane sun ɗauka yayarku likita za ta zama, ba ta zama ba, ɗinki take yi, amma kun san ta, ba ta karɓar magana sai ta juya ta ta ga bayanta. A jinyar babanku ta ƙarshe, wata rana ina tura shi a keken marasa lafiya muka wuce ta ƙofar ɗakin gwaji, na hango irin madubin a kan tebur, na rage tafiya ban sani ba. Ya lura. Muryarsa ta riga ta yi ƙasa, ya ce in je in roƙe su mana, ko albasa ce ba ni da ita. Muka yi dariya. Ban shiga ba. Har yanzu ina son in san sunan mai kama da shinkafar nan.

Yanzu su biyun sun tafi, Allah ya jiƙansu, ya haɗa su da Inna, alkawarin ya sauka daga kaina. Ba na son ku yi rigima da Nasiru, abin da ya tashi ya ji ne yake faɗa, kuma shi ke cika randunan har yau. In kun je Unguwar Shanu ku gaishe shi da kyau, ku sha ruwan, ku yi musu addu'a su uku. Sannan ku ce ya raka ku ta waje zuwa kusurwar katanga. Tushen tsohuwar salgar yana nan, ciyawa ce kawai ta rufe shi. Ku tsayar da shi a wurin, inda zai iya hango simintin rijiyar a gangare. Kada ku faɗa masa komai. Ku tambaye shi me ya gani.